Yadda Za Ka Sayi Babur Ɗin Da Ya Girmi Jiharka

Jihar Zamfara shekararta huɗu. Duk babur ɗin da kuɗinka zai iya saye ya girme ta, wani ma ya yi jika da ita. Kada wannan ya dame ka. Ka bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawarin cikin mako guda za ka mallaki babur da takardunsa, ko abin da ya yi kama da su, kuma duk mai bin hanyar Ƙaura zuwa Zurmi zai san da zamanka, in bai ji ƙara ba zai shaƙi hayaƙi. Ba wanda ya taɓa bin su ya tashi a tutar babu. Namadi tela na Zurmi ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba, shi ya sa da shi za mu yi misali.

1. Ka sami dalili, sannan ka sami mai kuɗi

Ba a sayen tsohon babur don sha'awa. Sai dole ta kama.

Dolen Namadi ita ce matarsa, Malama Barakatu. Tana koyarwa a wata firamare, a wani ƙauye da ake ratsewa kafin a kai Dauran, tafiyar awa uku a ƙafa. Shekara biyu ɗan kabu-kabu ke kai ta ya ɗauko ta. Da Shari'a ta kankama aka hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, sai dai mace ta hau bayan mijinta ko muharraminta. 'Yan kabu-kabu sun ga an zane biyu daga cikinsu, suka koma ko gaisuwar mace ba sa amsawa da kyau. Mota kuwa ba ta shiga ƙauyen sai ranar kasuwa. Malama ta yi mako biyu a gida tana duba littattafan da ta riga ta duba.

Sai hedimasta ya aiko. Ran Litinin ƙarfe tara masu tantance malamai za su zo. Wanda aka kira sunansa bai amsa da bakinsa ba, an soke shi. Albashin Malama shi ne tuwon gidan, ɗinkin Namadi miya ce, ita ma sai da sallah take yin kauri.

Malama ta sa aka kai tumakinta uku kasuwa. Ta miƙa wa Namadi kuɗin a ƙulle cikin gefen ɗankwali, ta ce, "Malam, ban ce ka sawo mai kyau ba. Wanda ka zuwa shi dawo."

Ka lura da hikimar. Dalili nata, kuɗi nata, babur naka. Haka magabata suka tsara aure.

2. Ka tafi da masani

Kada ka kuskura ka je da bakanike. Bakanike zai ga aibi, ya ɓata maka rana. Ka nemi wanda bai taɓa mallakar babur ba amma ya yi shekaru yana zama kusa da masu gyara. Irin wannan iliminsa bai taɓa gamuwa da jarrabawa ba, don haka yana nan cif.

Namadi ya ɗauki taubashinsa Mudi, mai shayi a bakin tasha. Ran Alhamis suka shiga motar Shinkafi. Tun daga Moriki Mudi ke koya masa yadda ake haɗe rai gaban dillali.

"Kai dai kulle bakinka. Tela ba shi san ƙarhe ba, sai allura. In na tako ka, ka yi kamar za mu tahi."

3. Kada ka tambayi shekarunsa

Mutane kan tambaya, wai shekara nawa babur ke yi kafin ya mutu. A ƙasashen da ake ƙera shi an ce yana da wa'adi, in ya ci kilomita dubu kaza sai a kai shi juji. Wannan al'adarsu ce. A nan babur ba ya mutuwa, ubangida yake sauyawa.

Da fari Alhaji ke sayensa a leda, ya hau zuwa masallacin Juma'a. Daga shi sai ma'aikacin gwamnati, ya biya a hankali, ya kashe shi a hankali. Sai ɗan kabu-kabu ya amsa, ya koya masa ɗaukar mutum uku da akuya. Sai mai kai jarkokin fetur bakin iyaka, wanda ba ya bin hanyar da mutane ke bi. Kai ne na biyar. Bayanka za a cire injin a kai fadama ya ja ruwa, can ma wani zai ce sabo ne.

Wanda Namadi ya ƙyalla ido a kansa ja ne, jan da bai gama bushewa ba. Agogon da ke ƙirga tafiyarsa ya nuna dubu talatin da ɗaya. Mudi ya duƙa ya karanta lambar sau biyu, ya ce yaro ne, ko yaye shi ba a yi ba. Agogon ya tsaya tun ana kashe kwabo. Wayarsa ma ba ta nan, an ɗaure salansar hayaƙi da ita.

Mai son sanin gaskiya yakan duba babur kamar yadda Bafulatani ke duba haƙoran saniya. Robar matakin ƙafa ta cinye har ƙarfe ya yi sheƙi. Tanki ya loɓa hagu da dama inda igiyar jarka ta saba kwanciya. Sirdi kuwa ya riga ya ɗauki siffar mazaunan wasu mutane, naka sai dai su yi haƙuri su bi sahu. Kai ba gaskiya ka zo nema ba, babur ka zo saye. Ka dubi fenti.

4. Ka saurari dillali da kyau, sannan ka juya maganarsa

Nan ne gwaninta take.

Dillalin sunansa Usmanu. Shekara goma sha biyar ya yi a kara yana dillancin shanu kafin ya koma kan babura. A da, in ya rantse maka rana ta fito, sai ka leƙa waje. Amma tun da aka kai wani abokinsa gaban alƙali kan gurgun sa da ya sayar a matsayin lafiyayye, Usmanu ya tuba, tuba irin na wanda ya ga bulala da idonsa. Ya farfaɗo da tsohuwar al'adar kara: kafin a sallama, a kira shaidu biyu, a dafa dabba, a faɗi aibinta duka a bainar jama'a. Wanda ya saya bayan haka, shi da Allahnsa.

Ya yafuto mai rake da wani mai faci. Ya dafa tanki.

"Ku shaida. Wanga mashin ba shi tashi da sahe sai an tura shi. Ba shi ɗaukar mutum biyu. Birki ado na. Hitila akwai, wuta babu. Na hwaɗi ko ban hwaɗi ba?"

"Ka hwaɗi," in ji shaidu.

Namadi ya yi lissafi. Da safe zai yi tafiyar, kuma su biyu. Ya juya zai wuce tun kafin a tako shi. Mudi ya cafko hannun rigarsa, ya ja shi bayan wata rumfa.

"Tun da uwarka ta haihe ka, ka taɓa ganin dillalin da ya hwaɗi gaskiya?"

"A'a."

"To. Da cewa ya yi lahiya lau, da gudu za mu bar Shinkahi. Tunda ka ji yana kushe shi, wani ya ɓoye ma shi. Ƙanen matarshi kabu-kabu shi kai, ni na sani."

"Ya ce ba shi ɗaukar biyu. Ni kau don biyu na zo."

"Malama nawa take? Buhun gero ya hi ta. Kai kau in an cire rigar ga, mi ya rage?"

Suka dawo. Aka yi ciniki, aka sha albarka sau huɗu, aka sallama. Usmanu ya riƙe makullin bai sake ba.

"Maigida, ka dai ji ni ko? Da sahe."

"Na ji."

"Mutum biyu."

"Usmanu, bar wahal da kanka," in ji Mudi, ya kashe masa ido. "Mun gane ka."

Usmanu ya dubi mai rake, ya dubi mai faci, ya ɗaga hannu sama, ya saki makulli. Mutum ya yi shekara goma sha biyar yana ƙarya ana yarda da shi. Wata takwas ke nan yana faɗin gaskiya, kuma bai taɓa ciniki kamar na bana ba.

5. Ka gwada shi da rana tsaka

Ka tabbata inji ya yi zafi, hanya kwalta ce, kuma kai kaɗai ne. A wannan yanayi ko injin niƙa aka sa wa taya zai kai ka Ƙaura.

Kik ɗaya ya tashi. Namadi ya ce wa Mudi ya hau su tafi gida. Mudi ya tuna yana da sauran sayayyar ganyen shayi, zai biyo mota. Masani ba ya hawa abin da ya ba da shawara a saya. Wannan ƙa'ida ce a duk duniya, har a gwamnati.

6. Kada ka gwada shi a kan abin da ka saye shi dominsa

Namadi ya shiga Zurmi da la'asar, ya zagaya ta gaban majalisarsu sau biyu ba tare da yana da saƙo a can ba. Ya tura babur cikin gida.

Malama ta fito ta zagaya shi sau ɗaya. Ta danna tayar baya da babban yatsa. Ta matsa kuloci ta saki.

"Tumakina ukku ke nan?"

"Su na."

"Sun rame."

Ta tambayi abin da dillali ya ce. Namadi ya ce maganar dillali ai maganar dillali ce. Ta ce to gobe da safe su gwada zuwa bakin gari su dawo, su biyu. Ya ce fetur ya yi tsada, a tattala shi sai Litinin. Juma'a ya wanke babur. Asabar ya ɗinka wa sirdi riga da ragowar yadin wani ango, har da geza. Lahadi da azahar ya hau ya kai wa surukarsa Iyatu gaisuwa, shi kaɗai, ya dawo lafiya, ya ce wa Malama ta gani ko.

Gwaji yana kawo labari. Labari yana hana barci. Mai hankali yakan bar mugun labari sai ranar da ba yadda za a yi da shi.

7. Ranar aiki, ka fito da wuri, za ka buƙaci lokacin

An yi ruwa kafin asuba, gari ya yi sanyi. Shida da rabi Namadi ya fito da babur ƙofar gida, Malama na tsaye da jakarta.

Kik na farko, shiru. Na goma, shiru. A na talatin ƙarfen ya dawo ya daki ƙaurinsa, ya ambaci Allah ta hanyar da ba a koya a makaranta. Maƙwabta suka fito, kowa da iliminsa. Wani ya ce a hura fulogi. Wani ya ce a kwantar da shi ta hagu ya sha mai. Wani tsoho ya ce nasa ma haka yake yi, ya sayar. Aka hura, aka kwantar, aka tayar. Bakwai ta wuce.

Sai aka tura. A gangaren bayan kasuwa ya yi tari, ya yi atishawa, ya kama. Malama ta biyo da sauri ta hau. Babur ya ji nauyin mutum na biyu, ya yi ƙara irin ta raƙumin da aka ɗora wa kayan da ba nasa ba, ya fara tafiya. Wani mai jaki ya yi musu sallama ya wuce.

A kan kwalta ya lallaɓa. Da suka ratse, ƙasa jiƙaƙƙiya, ga ɗan hawa, ya mutu. Malama ta sauka, Namadi ya tura ya ɗare, ya tashi kamar ba shi ba. Ta hau, ya mutu. Sau uku suna haka. Namadi ya jiƙe sharkaf, hularsa ta faɗi a wani wuri da bai sani ba. Maganar Usmanu ta dawo masa kalma kalma, har da muryar mai rake yana cewa ka hwaɗi.

Malama ta duba agogon hannunta. Takwas da minti ashirin. A ƙafa, sauran tafiyar ta fi awa ɗaya.

8. Ka san wanda ake jira

"Malam," in ji ta, "yau wa za a kira sunanshi, ni ko kai?"

"Ke."

"Mashin ga mutum nawa shika ɗauka?"

Namadi ya dubi babur, ya dube ta. Ta rataya masa jakarta a wuya. Ta tattare hijabi ta cusa a ƙugu, ta ɗage zane, da ma da wando a ciki kamar yadda ta saba tun zamanin kabu-kabu. Ta ɗaga ƙafa ta haye sirdi mai geza.

"Ke, mi za ki yi?"

"Shekara huɗu na yi Maraɗi wurin gwaggona. Wa kaka zato ka kai mata kaya kasuwa?"

"Ba ki taɓa hwaɗa mini ba."

"Ba ka taɓa yin mashin ba. Kuma a giya ta biyu aka tayar da shi, ba ta ɗaya ba. Tura."

Ya waiga gabas, ya waiga yamma. Gero ne kawai, ya kai kafaɗa. Ya tuna bulala, ya tuna majalisa, ya tuna tukunyar gidansu. Ya tura. Taku shida ta saki kuloci, ta murɗa totur, laka ta wanke masa gaban riga. Kafin ya goge ido ta sha kwana.

9. In hukuma ta tambaye ka, ka faɗi gaskiya, ta fi ruɗarwa

Namadi ya bi sawun taya da jakar mata a wuya. Bayan rabin awa ya iso wata tsamiya inda hanyar kasuwa ta gitta. Mutum biyu na 'yan agajin da ke sa ido kan masu babura suna zaune kan benci da takarda a tsakaninsu, suna gardama. Dattijon cikinsu, Malam Shehu, ya san shi, Namadi ne ya ɗinka masa rigar sallah.

"Namadi, wata mata ta wuce nan bisa jan mashin, ita kaɗai. Mun ɗaga mata hannu, ta yi muna sallama ba ta tsaya ba."

"Ba ta iya tsayawa, Malam. Babu birki."

"Ka san ta?"

"Iyalina ta."

"Kai ka ba ta mashin?"

"Ita ta ba ni, da hwarko."

Ɗayan, mai ƙaramin gemu, ya ce wannan magana sai an kai ta gaba. Malam Shehu ya miƙa masa takardar.

"Karanta mini. An ce kada ɗan kabu-kabu shi ɗauki macen da ba tashi ba. Wa ya ɗauke ta?"

"Ba kowa."

"Ita ta ɗauki wani?"

"A'a. Amma ai bai dace ba."

"Bai dace ba daban, an hana daban. In munka kai ta gaba, mi za mu ce ta yi? Ta tahi aiki?"

Mai ƙaramin gemu ya juya takardar ko akwai wani abu a baya. Babu. Malam Shehu ya miƙa wa Namadi buta ya wanke fuska, ya ce masa wuyan rigar nan ta sallah har yanzu yana shaƙe shi.

10. Ka isa bayan an gama

Goma ta gota ya shiga makarantar. Masu tantancewa sun tafi. Babur na kwance a kan tarin yashin ajin da aka fara ginawa tun kafin a yi jiha. Daga wani aji yana jin muryar Malama tana biya wa yara biyu sau bakwai. Abin da ya faru, daga bakin hedimasta ya ji.

Tara ta buga, an jera malamai a fili, jami'i ya buɗe rajista. Ya kira mutum uku. Ya kira Malama Barakatu. Shiru. Ya sake kira, ya cire murfin biro. Sai ga ƙara daga cikin gero. Ta shigo fili ba ta rage gudu ba, ta wuce ta gabansa ta ce, "Ga ni." Ta zagaya bayan ajujuwa, yara suka biyo ta. A zagaye na biyu jami'in ya ɗaga hoton da ke fayil yana gwadawa da fuskarta. A na uku ya sa hannu, ita kuma ta nufi yashi.

"Shekara ashirin ina aikin ga," in ji hedimasta, "ban taɓa ganin an amsa suna a guje ba. Ya ce in duk malaman jiha haka suke son aiki, da bai sha wahala ba. Kai kau, Malam, lahiya? Kamar an tono ka."

11. Ka kare mutuncinka

Babur ya nuna iyakarsa, sai a tsara rayuwa a kanta.

Yanzu kullum da safe Namadi kan tura shi gangaren bayan kasuwa, ya hau, ya ratsa gari a zaune daram, yana ɗaga wa mutane hannu. Malama kan biyo a ƙafa ta wata hanya. A bayan wata kuka da ke wajen gari sukan yi musanya. Ya tura, ta wuce. Shi kuma ya zagayo ta cikin gonaki ya buɗe shago. Duk wanda ya tambaye shi ina mashin, amsa ɗaya ce: yana wurin bakanike. Da azahar ya rufe shago ya tafi amsowa.

Duk Zurmi an sani. Amma wanda ya taɓa ganin babur ɗin ba zai iya cewa bai kamata ya kwana ya wuni wurin gyara ba, don haka aka bar maganar a haka. Mudi ne kaɗai ba ya bari. Ranar da aka yi albashi ya leƙo shago da kofin shayi.

"Taubashi, wanga bakanike naka, an ce har gwamnati ka biyanshi ƙarshen wata."

Namadi ya ciji zare ya tsinke, bai ɗaga kai ba.

"Ya iya aiki," in ji shi.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba dillali ba ne, ba alƙali ba, ba malami ba, kuma ƙafa yake tafiya. In ka bi matakan nan ka wuni a hanya, ko ƙaurinka ya kumbura, ko ka gamu da ɗan agajin da takardarsa ke da rubutu a baya, wannan tsakaninka da ƙaddara ne, kada a turo kowa gidanmu. Shawara ɗaya ce kyauta, ita ma ba lamuni: kafin ka shiga motar Shinkafi, ka zauna ka tambayi matarka inda ta yi ƙuruciya.